Bajamushen da ya juya Muƙamar Hariri zuwa harshensu: wane ne shi, kuma aikinsa abin dogaro ne?

Almajirin Aboabo:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni zuwa ga masu Larabci da masu Jamusanci baki ɗaya. A zaurenmu nan Aboabo, Kumasi, an shiga Muƙamar Hariri, tsohon littafin nan na labarai da Larabci, sai magana ta taso cewa akwai wani Bajamushe mai suna Friedrich Rückert da ya juya littafin zuwa harshensu tun ƙarni na 19, kuma wai bai zubar da saja'in ba, wato amsa-amon da ke cikin zubensa. Wasu sun ce har Alƙur'ani ya fassara da ƙafiya, wasu ma cewa suka yi musulunta ya yi a ɓoye.

Abin da nake son sani shi ne, wane ne mutumin nan, a hannun wa ya yi Larabci, kuma da wace sana'a ya ci abinci? Sannan wuraren da Hariri ya yi wasa da haruffa, irin huɗubar da ba ta da ɗigo ko ɗaya, yaya ya yi da su a harshen da ba a san wannan ba? Jamusancina yana matakin B1 ne, wato matsakaici. Zan iya karanta shi a haka, ko in haƙura tukuna? In zan iya, wane bugu zan nema? Allah ya saka da alheri.

Malama ta Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki ɓangaren rayuwarsa, masu Muƙama su zo su yi sauran.

An haifi Rückert ranar 16 ga Mayu 1788 a Schweinfurt, yankin Franken, wanda yau yake cikin jihar Bavariya. Mahaifinsa ma'aikacin hukuma ne da ya karanta shari'a, shi ma ɗan da shari'ar ya fara a jami'ar Würzburg a 1805, kafin ya karkata zuwa nazarin harsuna da tsohon adabin Girka da Latin. Ya ɗan zauna a Heidelberg, sannan a 1811 ya kare kundinsa a Jena ya sami izinin koyarwa. Bai daɗe yana koyarwar ba ya bari. An ba shi aikin malanta a wata makarantar sakandare a Hanau, ya sulale tun kafin ya shiga aji. Wannan hali na gudun aikin da zai ɗaure shi bai rabu da shi ba har tsufa.

Sunan da ya fara yi na mawaƙi ne, ba na malami ba. A 1814 ya fitar da waƙoƙin zuga Jamusawa a kan Napoleon, da sunan aro, Freimund Raimar. Daga nan ya yi aikin editan jarida a Stuttgart, ya tafi Italiya a 1817. A hanyarsa ta komowa ne, ƙarshen 1818, ya yada zango a Viyana wurin Joseph von Hammer-Purgstall, mutumin da ya fassara diwanin Hafiz na Farisa, fassarar da ta zaburar da babban mawaƙin Jamus Goethe ya yi nasa diwanin na 1819. Makonni kaɗan ya yi a gabansa, aka ɗora shi a kan Farisanci, ya koma gida. Iyakar zamansa gaban malami a wannan fanni ke nan. Larabci da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da sauran duk da kansa ya haƙo su daga littattafan nahawu da ƙamus, kuma da yake ba shi da kuɗin saye, sau da yawa aro yake yi ya kwafe da hannu. Ana lissafa masa harsuna 44 da ya yi aiki da su, amma a fahimci cewa na karatu ne da fassara, ba na ciniki a kasuwa ba. Bai taɓa taka ƙasar Larabawa ko Farisa ko Indiya ba. Mafi nisan tafiyarsa ita ce Italiyar nan.

A 1820 ya koma Coburg saboda ɗakin karatun garin, ya kama haya, ya auri 'yar gidan, Luise Wiethaus, a 1821. 'Ya'ya goma suka haifa. To, waƙa ba ta riƙe gida irin wannan, shi ya sa ya nemi kujerar farfesan harsunan Gabas a jami'ar Erlangen. Malaman addinin Kirista na jami'ar sun yi ɗari-ɗari, don a wurinsu mai wannan kujera aikinsa koyar da Ibrananci ga masu shirin zama fastoci, ga shi kuma an kawo musu mawaƙi. Da goyon bayan Sarki Ludwig na Ɗaya na Bavariya ya samu a 1826, shekarar da kashin farko na Muƙamarsa ya fito. Ba abin mamaki ba ne a ce aikin ya taimaka masa wajen nuna cewa Larabcin nasa ba na wasa ba ne.

Shekaru 15 ya yi a Erlangen, kuma a nan babban rashi ya same shi. Wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ya kama yaran gidan, 'yarsa Luise ta rasu ranar ƙarshe ta 1833, ɗansa Ernst ya bi ta a tsakiyar Janairun 1834. Ya zauna ya rubuta waƙoƙin makoki 428 a kansu. Ba a buga tarin ba sai 1872, bayan mutuwarsa, kuma daga baya Gustav Mahler ya ɗora kiɗa a kan biyar daga ciki. Bajamushen yau da ya san sunan Rückert, galibi ta nan ya san shi, ba ta Hariri ba.

A 1841 Sarkin Prusiya, Friedrich Wilhelm na Huɗu, ya kira shi Berlin. Bai ji daɗin birnin ba. Lokacin sanyi kawai yake koyarwa, da zafi ya shigo ya tattara ya koma gonarsa a Neuses kusa da Coburg. Ɗalibansa 'yan kaɗan ne, a ɗakinsa ma yake karantar da su, ko da yake cikinsu akwai Max Müller wanda ya zama babban masanin Sanskirit a Oxford. A watan Maris 1848, ana gab da tarzomar juyin juya hali, ya bar Berlin bai sake komawa ba. Ya rasu a Neuses ranar 31 ga Janairu 1866.

Batun musulunta kuwa, babu shi. Kirista ne ɗan Furotesta, ya rayu a haka ya mutu a haka, har ma a 1839 ya fitar da tarihin Annabi Isa (AS) a waƙe bisa ga Linjilar da ke hannunsu. Son harshe daban, shiga addini daban.

Ɗan Nima:

Malama ta gama da tarihi. Ni ga Muƙamar zan tsaya, don a nan ne mai karatu yake ruɗewa in ba a gaya masa ba.

Matanin da ya yi aiki da shi shi ne wanda Bafaranshen nan Silvestre de Sacy ya buga a Paris a 1822, Larabci zalla tare da sharhi na Larabci. Kashin farko na aikin Rückert ya fito a 1826, cikakken kuma a 1837. Sunan da ya ba shi ma ya nuna inda ya sa gaba: rikiɗe-rikiɗen Abu Zaidi na Saruja, wato gwarzon labaran Hariri. A gabatarwarsa ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya yi ba fassara ba ce, kwaikwayo ne. Ka riƙe wannan, domin duk wanda ya ɗauki littafin don ya warware masa lugga mai wuya a cikin Hariri zai sha kunya. Kamar tela ne da aka ba samfurin riga, ya ɗinka irinta sak, amma da yadin garinsu.

Abu na farko da zai ba ka matsala shi ne lamba. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, muƙama 50 ya yi. Rückert 43 ya kawo. Bai fara da ta San'a'u ba, wadda kowane almajiri ya fara da ita. Ta farkonsa ita ce ta biyu a wurin Hariri, Hulwaniyya, wadda ake haɗuwa a ɗakin littattafai na Basra. Ta biyunsa ita ce Dinariyya, ta uku a wurinmu. Tun daga nan lissafi ya goce, kuma gocewar ba ta tsaya a ɗaya ba, tana ƙaruwa duk inda ya sake tsallake wata. Ƙari a kan haka, Hariri da sunan gari yake kiran mafi yawan muƙamominsa, shi kuwa Rückert da abin da ya faru a ciki yake raɗa musu suna. Saboda haka da labari ake haɗa su, ba da lamba ba: ka karanta farkon ta Jamusancin, ka gane ko Abu Zaidi ya zo ne a matsayin mai wa'azi, ko mai ƙara gaban alƙali, ko makaho, sannan ka nemo 'yar'uwarta.

Saja'in kuwa ya riƙe shi daga farko har ƙarshe. Zube ne, ba baiti ba, amma kowane guntun zance yana amsa wanda ya gabace shi, kuma a bugun an raba guntayen da ɗan layi, don ido ya ga inda murya za ta sauka. Matsalarsa ita ce Larabci yana samun ƙafiya kusan kyauta, tunda kalmomin da ke kan awo ɗaya duk ƙarshensu ɗaya ne, Jamusanci kuwa ba haka yake ba. Don haka inda Hariri ya jera guntaye biyu, shi wani lokaci sai ya yi uku ko huɗu kafin ya cika ma'ana, ko ya ƙirƙiro kalma ta hanyar haɗa biyu, ko ya tono wadda an daina amfani da ita. Sakamakon yana da daɗin ji, amma ya fi na asali tsawo da surutu. Hariri matsattse ne, Rückert sakakke.

Yanzu wasan haruffa. A Maragiyya, ta shida, Abu Zaidi ya shifta wasiƙar da kalma ɗaya duk haruffanta masu ɗigo ne, ta biye da ita kuma ba ɗigo ko ɗaya, haka har ƙarshe. Wannan ba shi da ma'ana a rubutun boko. Sai Rückert ya sauya sharaɗin, ya sa aka nemi takardar koke wadda harafin R ba zai fito a cikinta ba. Wanda ya san Jamusanci ya san girman wannan ɗaurin, don R tana cikin der, er, wer, für, da ƙarshen ɗimbin kalmomi. Wato wahalar ya fassara, ba kalmomin ba. Haka ya yi da Halabiyya, inda Abu Zaidi ya zama malamin yara a Himsa yana sa su karanto baitocin da ke bambanta dadi da za mai sanda, ko sin da sadi. Ya cire waɗannan ya sa ɗaliban suna rera ƙa'idojin rubutun Jamusanci, haruffan da yaran ƙasarsu ke rikitawa. Ta Ɗaiba kuma, mai tambayoyin fiƙihu ɗari da kowace ke ɗauke da kalma mai fuska biyu, ya gina nasa tambayoyin a kan kalmomin Jamusanci masu ma'ana biyu. In ka je neman amsar Hariri a can ba za ka same ta ba.

Akwai kuma abin da ba ya ƙetarawa ko an yi dabara. A Magribiyya ana neman zancen da za a karanta daga dama ko daga hagu ya ba da abu ɗaya, irin sakibu kasin: sin, alif, kaf, ba, kaf, alif, sin. Yana yiwuwa ne saboda Larabci ba ya rubuta gajerun wasula. Harshen da ke rubuta kowane wasali sai dai ya nemo nasa misalin ko ya bar wurin.

Game da matakinka, gaskiya B1 bai isa a yi shi kai kaɗai ba. Wanda ya kai C1, matakin ƙwararru, ma yana tuntuɓe, don kalmomin da yawa ba sa cikin ƙamus na makaranta. Babban ƙamus na 'yan'uwan nan Grimm, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1854, yana intanet kyauta, shi ne zai fitar da kai. Amma kana da abin da Bajamushe ba shi da shi, ka riga ka san labarin. Ka fara karanta muƙamar da Larabci tare da sharhin Sharishi har ta zauna, sannan ka buɗe ta Rückert ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi ba tare da ƙamus ba, kunne ya ɗauki amon. A karo na biyu ne za ka nemi kalmomi. Rabin shafi a zama ɗaya ya isa.

Alaramma na Tafo Zango:

Bismillah. Ina da magana a kan ɓangaren Alƙur'ani, don kada yaro ya ji "fassara da ƙafiya" ya ɗauka ya sami tafsiri.

Da farko, ba cikakkiya ba ce. Zaɓe ya yi: gajerun surori da yawa, da yankuna daga cikin dogaye. Ya fitar da ɗan samfuri a 1824, ya yi mafi yawan aikin wajen 1836 zuwa 1837, sannan ya ajiye bai buga ba. August Müller ne ya tattara takardun ya buga a Frankfurt a 1888, shekara 22 bayan mutuwarsa, daidai cikarsa shekara ɗari da haihuwa. Hartmut Bobzin ya sake komawa ga rubutun hannun ya fitar da ingantaccen bugu a 1995, da bayanan Wolfdietrich Fischer. Mai son dubawa wannan zai nema.

Na biyu, malamanmu ba su yarda a kira ƙarshen ayoyi ƙafiya ba, da yawansu ma saja'i ba su yarda a ce ba. Fasila ake cewa. Baƙillani ya tsawaita a kan haka a littafinsa na I'ijazi, kuma Alƙur'ani da kansa ya kore wa kansa zama waƙa, a Yasin da Alhaƙƙa. To shi Rückert da kunnen mawaƙi ya saurara. Abin da ya ji kuwa yana nan, ba ƙarya ya ji ba. Waɗanda suka riga shi fassarawa daga Larabci kai tsaye, Megerlin a 1772 da Boysen a 1773, sun ba Jamusawa zube ne wanda ba ya nuna dalilin da ya sa mai saurare ke tsayawa cik. Shi ya nuna wani abu daga ciki. Wannan a ba shi.

Amma a duba farashin. A Ƙulhuwallahu ayoyi huɗu suna sauka ne a kan ahad, assamad, yulad, ahad. Nasa layukan huɗu suna sauka a kan Einer, reiner, keiner, einer. Ka ga har maimaita kalmar farko a ƙarshe ya kiyaye, gwaninta ta kai nan. Uku daga ciki sun yi daidai da ma'ana. Na biyun fa? Assamad shi ne wanda dukkan halitta ke nufa da buƙatunta, shi kuwa ba ya buƙatar kowa. Abin da Rückert ya rubuta ma'anarsa "mai tsarki har abada". Maganar gaskiya ce a kan Allah, amma ba ita ayar ta faɗa ba. Amo ne ya zaɓo kalmar. A waƙar Imru'ul Ƙaisi irin wannan ba komai, a nan kuwa siffa ce ta Ubangiji aka musanya da wata. Shi ya sa a wurin tafsirinmu na azumi ake raba aiki biyu, mai jan baƙi ya ba da lafazin yadda ya sauka, malam ya ba da ma'ana da Hausa ba tare da ya ɗaure kansa da amo ba.

A dogayen surorin Madina, inda hukunce-hukunce suke, shi ma ya sassauta, ya bar amsa-amon a wurare da yawa ya riƙe tafiyar zance kawai. Wanda ke son ma'ana da Jamusanci ya nemi ta Rudi Paret da aka kammala a 1966, ko ta Bobzin ɗin kansa ta 2010.

Sai lambar aya. Bugun Turai na wancan ƙarni galibi suna bin ƙidayar Gustav Flügel ta 1834, wadda ba ta dace da ta bugun Alƙahira na 1924 ba. Ayatul Kursiyyu 255 ce a Alƙahira, 256 a Flügel. Mu kuma masu Warshu namu lissafin daban ne, Baƙara 285 ce a wurinmu, 286 a Hafsu. Da farkon lafazin aya ake nema, kada a dogara da lamba.

Almajirin Aboabo:

Allah ya gafarta malam, na fahimta, kuma na gode wa Malama da Yaya na Nima. Saura abu ɗaya. In mutum ya so ya yi wa Muƙama irin wannan aiki da Hausa, hanyar Rückert zai bi, ko Hausa tana da tata?

Baban Yalwa:

Ɗana, Hausa ta fi Jamusanci kusa da Larabci a wannan fage nesa ba kusa ba, kuma dalilin a gaɓa yake. Arulin Larabci a kan nauyin gaɓa aka gina shi, doguwa da gajeruwa. Jamusanci ba ya auna waƙa da tsawo, da ƙarfin furuci yake aunawa, wace gaɓa aka danna wace aka sassauta. Saboda haka duk lokacin da Rückert ya so ya kwaikwayi awon waƙar Larabci irin Ɗawil ko Basiɗ, sai dai ya sa gaɓar da ake dannawa a gurbin doguwa. Kama ce kawai. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar Larabci: ta farkon "daki" da ake daka gajeruwa ce, ta farkon "ɗaki" doguwa. Shi ya sa tun zamanin Shehu da Nana Asma'u ake zuba waƙar Hausa a Kamil da Wafir da Mutaƙarab ta zauna daram.

Haka ƙafiya. Ƙasidar Larabci harafi ɗaya take riƙewa ko da baiti ɗari ne. A Jamusanci wannan wuya gare shi, don haka a fassararsa ta Hamasar Abu Tammam, tarin tsofaffin waƙoƙin Larabawa, juzu'i biyu a 1846, wadda ya gina a kan bugun Freytag na Bonn na 1828, sau da yawa yakan sauya amsa-amo daga baiti zuwa baiti. Inda ya fi nacewa a kan amo ɗaya shi ne gazal irin na Farisa, wanda yana cikin waɗanda suka shigo da shi waƙar Jamus: layi biyun farko su amsa juna, daga nan kowane layi na biyu ya komo kan amon. Mu kuwa kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, mai waƙa zai riƙe "wa" ko "ba" ko "ya" har ya gaji. Haɗarinmu ma sauƙin ne. Saja'in da aka gina a kan "-wa" ta aikatau kaɗai, dawowa, komowa, zaunawa, ba ya nuna gwaninta, kunne yana ƙosawa da shi tun shafin farko. Hariri yakan daidaita harafi biyu ko uku kafin na ƙarshe. Mai yi da Hausa ya daidaita gaɓa biyun ƙarshe, ya kuma kula da karin sauti, don kalma mai saukar murya ba ta amsa mai ɗaga murya sosai ko da haruffansu ɗaya ne.

Wasan ɗigo kuma, in da ajami za ka rubuta, ba ka buƙatar dabarar R, sharaɗin Hariri yana aiki yadda yake. Sai dai ka san abin da za ka rasa. Ba, ta, jim, nun, ya, fa, ƙaf, shin, zai da gain duk masu ɗigo ne. Ke nan babu "ba" ta korewa, babu "na" da "ta", babu "ya", babu "ga", kuma wasalin imala ma ɗigo ne a ƙasa. Abin da ya rage maka su ne irin da, ka, ku, mu, su, ma, wa, har, kuma, da kalmomi irin malam, ruwa, sallama. Umarni da roƙo za su yiwu, labari zai yi wuya. In da boko ne, sai ka bi Rückert ka ƙirƙiro sharaɗi, misali wasiƙar da babu N a cikinta, wanda zai hana ka mafi yawan mahaɗan mallaka.

Kuma kada a manta an taɓa irin wannan aiki a ƙasar nan. Alhaji Umaru na Karaki, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Salaga ya koma Kete Karaki bayan yaƙin basasar 1892, ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, Baturen Ingila Rattray ya buga wani abu daga ciki a 1934, shekarar da malamin ya rasu. Rückert ya fitar da nasa Imru'ul Ƙaisin a 1843. Karaki ta kasance a hannun Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma jami'insu na can, Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, a wurin Alhaji Umaru ya kwashi ilimi mai yawa. Kwafen rubuce-rubucen malamin suna cikin tarin Larabci na Cibiyar Nazarin Afirka a Legon. Mai neman batun digiri, ga shi nan a ajiye: waƙa ɗaya, a jera Larabcinta da Hausar Alhaji Umaru da Jamusancin Rückert, a ga abin da kowa ya riƙe da abin da ya saki.

Malama ta Asawase:

Tambayar bugu ce ba a amsa ba. Tunda ya rasu tun 1866, tsofaffin bugun ba su da haƙƙin mallaka, hotunansu suna Internet Archive da Google Books kyauta. Ka nemi na 1837 ko wanda ya biyo bayansa, don na 1826 kashin farko ne kawai. Cikin sababbin bugu na aljihu kuma akwai masu zaɓo kaɗan, saboda haka ka ƙirga jerin abin da ke ciki, in bai kai 43 ba an rage.

Tsofaffin da rubutun Fraktur aka buga su, mai ƙahonni. Akwai doguwar s da ke kama da f, bambancinsu ɗan karan tsakiya ne, a f ya ratsa, a s bai ratsa ba. Manyan B da V suna kama, haka A da U, ƙaramar k kuma takan yi kama da t. Rubutun ma na kafin gyaran 1901 ne, za ka ga Thal a maimakon Tal, seyn a maimakon sein, sai ka gyara kafin ka nema a ƙamus. Kada ka kwafi matanin da na'ura ta tsamo daga hoton ka zuba a manhajar fassara. Na'urar tana karanta doguwar s a matsayin f, kalmomi su lalace, ga kuma kalmomin da shi ya ƙirƙira waɗanda manhajar ba ta sani ba. Ka buga shafukan a takarda, girman A4, shafi ɗaya a fuska ɗaya, ka bar gefe don rubutu. In kana Akra, ɗakin karatu na Goethe-Institut a Cantonments wuri ne da za ka sami ƙamus da wanda zai saurari karatunka.

Ka fara da Dinariyya, ta biyu a wurinsa. Gajeruwa ce, babu wasan haruffa, waƙa biyu ce kawai, ɗaya ta yabon dinari ɗaya ta zaginsa, kuma a nan ya bi Hariri kusa da kusa, sai dai dinarin ya koma gulden, kuɗin ƙasarsu na lokacin.